Maganin maleriya na kwana uku ne: Abin da ya kamata iyaye a Gwandu da Kalgo su sani game da atemisinin

Duk wanda ya taɓa yin marka a Kalgo ya san yadda dare yake. Fadama ta cika ta batse, shinkafa ta yi kore shar, sauro kuwa tun kafin a kira Magariba ya fara kiɗa a kunne.

A irin wannan dare ne jikin yaro kan ɗauki zafi kamar garwashi. Gari na wayewa uba ya nufi kemis, ya dawo da katin ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa. A ba yaro da safe, a ba shi da yamma. Washegari sai ga shi a tsakar gida yana guje-guje yana neman koko.

Daga nan ne matsalar ke farawa. Uwa ta ga ɗanta ya warware, sai ta naɗe ragowar ƙwayoyin ta jefa cikin kwalla, don ranar da ƙaninsa zai kwanta. Ba mugunta ba ce, tattali ne, a lokacin da kuɗin magani ke gogayya da kuɗin cefane. Sai dai bayan mako biyu ko uku masassarar ta dawo, a ce maganin ne ba shi da kyau.

Maganin yana da kyau. Yana ɗauke da sinadarin da duniya ba ta da kamarsa wajen kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wato atemisinin, wanda daga ganyen wani tsiro ake samo shi. Amma yana da hali guda da ya kamata kowane gida ya sani: saurin aikinsa daidai yake da saurin ficewarsa daga jiki.

Me ya sa zancen ya fi shafar Kebbi?

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar kan maleriya a 2021 ya auna jinin yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 a duk jihohin ƙasar nan. A faɗin Najeriya an samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yaran. A Legas kashi 2 ne kacal. A Kebbi kuwa kashi 49 ne, adadin da ya fi na kowace jiha. Ke nan kusan rabin yaran da aka gwada suna yawo da cutar a jininsu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fadamar Gulbin Rima da ta bi ta Argungu da Birnin Kebbi ta gangara Kalgo ita ce ta mayar da jihar rumbun shinkafa, kuma ita ce ke ba sauro wurin hayayyafa. A ƙasar Gwandu ma, daga garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo zuwa Kambaza da Dalijan, akwai tafkuna da kududdufai da lambunan rani da ke riƙe ruwa bayan damina ta ɗauke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 263 ne suka kamu da maleriya a 2023, kuma kimanin 597,000 suka rasu. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu 'yan Najeriya ne, haka kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen a nan suka faru. Mafi yawan waɗanda ake binnewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Wannan nauyi ne ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin maleriya ta R21 a watan Disamban 2024, Kebbi da Bayelsa aka zaɓa su zama na farko. Amma rigakafin rage haɗari yake yi, bai kawar da cutar baki ɗaya. Yaron da ya riga ya kamu, abin da zai cece shi shi ne maganin da ke ɗauke da atemisinin.

Daga fagen yaƙi zuwa kantin kemis

Tarihin maganin ya faro ne daga yaƙin Biyetnam. Sojoji na mutuwa da zazzaɓi a cikin dazuzzuka, kuma kulorokwin ya daina aiki a yankin. A ranar 23 ga Mayun 1967 gwamnatin Chaina ta kafa wani shirin sirri na neman sabon magani, aka sa masa suna 523, wato wata da ranar da aka kafa shi.

A 1969 aka ɗora wa wata mai binciken harhaɗa magunguna, Tu Youyou, jagorancin wata tawaga a cikin shirin. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka yi ta gwaji a kan ɓeraye. Wani tsiro mai suna Artemisia annua ya riƙa ba su sakamako mai ruɗarwa: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

Amsar ta fito ne daga littafin wani masani, Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu. Ya bayyana cewa jiƙa ganyen ake yi a ruwa a matse, bai ambaci tafasawa ba. Nan Tu ta yi zargin cewa zafin wuta ne ke lalata abin da suke nema. Ta sauya hanya, ta tatso sinadarin ba tare da zafi mai yawa ba. A watan Oktoban 1971, gwaji na 191 ya share ƙwayar cutar tas daga jinin ɓerayen.

Kafin a ba marasa lafiya, ita da wasu abokan aikinta suka fara sha don su tabbatar ba guba ba ne. A 1972 aka ware tsantsar sinadarin. Sai a 2015, bayan shekara sama da 40, aka ba ta kyautar Nobel ta fannin likitanci.

A yau ana noma tsiron a Chaina da Biyetnam, da kuma wasu ƙasashen Afirka irin su Kenya da Tanzaniya da Madagaska. Daga tsantsar sinadarin ake sarrafa 'ya'yansa da suka fi shi shiga jiki, musamman atemita da atesunet. Su ne ke cikin ƙwayoyi da alluran da ake samu a asibitocinmu.

Yadda yake kashe ƙwayar cutar

Idan macen sauro ta ciji mutum, ƙwayar cutar kan fara sauka a hanta, daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini. A ciki take zama tana cin abin da ke ba jini launinsa, tana hayayyafa. Duk bayan kimanin sa'a 48 sai ƙwayoyin jinin su fashe, sababbin 'ya'yan cutar su bazu su kama wasu. Wannan fashewa ce ke kawo rawar sanyi da zafin jiki, kuma ita ke ƙarar da jinin yaro.

A cikin abin da cutar ke ci akwai sinadarin ƙarfe. Shi kuwa atemisinin yana da wata mahaɗa a ƙirarsa wadda ke tsinkewa da zarar ta haɗu da wannan ƙarfe. Tana tsinkewa sai ta saki wasu abubuwa masu ɓarna da ke lalata cutar daga ciki. Abincin cutar ne ke tayar da tarkon da zai kama ta.

Fa'idarsa ta biyu ita ce yana kama cutar tun tana ƙarama, kafin ta girma ta manne a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Masana sun lissafa cewa a zagaye guda na sa'a 48, yakan rage yawan ƙwayoyin cutar har ninki 10,000. Babu wani maganin maleriya da ake amfani da shi a yau da ya kai shi sauri. Shi ya sa yaron da ya kwana cikin mawuyacin hali yake tashi yana wasa.

Rauninsa kuwa shi ne rashin daɗewa. Cikin sa'o'i kaɗan jiki ya riga ya fitar da shi. Mai zazzaɓi na iya ɗauke da biliyoyin ƙwayoyin cutar, don haka ko an rage su ninki 10,000, dubbai sun rage. Ba su kai yawan da za su sa zazzaɓi ba, amma suna nan da rai, kuma za su sake yawaita.

Dalilin haɗa shi da abokin tafiya

Saboda wannan rauni ne ba a ba da atemisinin shi kaɗai. Ana haɗa shi da wani magani mai jinkirin aiki amma mai daɗewa a jini. Wannan haɗi ne ma'aikatan lafiya ke kira ACT.

Misalinsa kamar girbin shinkafa ne. Majiya ƙarfi su shiga da lauje su yanke gona cikin hanzari su tafi, sannan masu kala su biyo baya a hankali suna tsince abin da ya zube. Atemisinin ne mai lauje, abokin haɗinsa kuma mai kala.

Najeriya ta yi watsi da kulorokwin ta koma ga ACT a 2005. Haɗin da aka fi sani shi ne atemita da lumefantirin, wanda ake gani da harufan AL, kuma da yawa ke kira da sunan Coartem ko da wani kamfani ne ya yi shi. Na biyu shi ne atesunet da amodiyakwin.

Ga yadda ake shan AL. Sau shida ne cikin kwana uku. Bayan sha na farko, na biyu na zuwa ne bayan sa'a 8. Daga nan safe da yamma a rana ta biyu da ta uku.

Yawan ƙwayar ya danganta ne da nauyin jiki. A ƙananan ƙwayoyin da aka saba gani, yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 yana shan guda ɗaya a kowane lokaci. Mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, mai 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga kilo 35 zuwa sama huɗu. Akwai kuma manyan ƙwayoyi na manya da guda ɗaya ke tsayawa a madadin huɗu, saboda haka a tambayi mai ba da magani wanne ne a hannu.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. A sha shi bayan an ci abinci mai ɗan mai, ko da nono, ko madara, ko kunun gyaɗa. Jariri kuma a ba shi mama. Idan yaro ya amayar da maganin kafin rabin sa'a, a sake ba shi, sannan a nemi cikon abin da ya ragu a katin.

Ga masu juna biyu, tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da amfani da AL har a watanni ukun farko na ciki, amma a asibiti ya kamata a rubuta musu. Su kuma yaran da ke karɓar maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida duk wata, wannan maganin akwai amodiyakwin a cikinsa. Idan ɗayansu ya kamu, a sanar da ma'aikacin lafiya don kada a ninka masa iri ɗaya.

Allura ba ta kowa ba ce

A wurare da dama mutane sun fi yarda da allura fiye da ƙwaya. Mutum zai shiga kemis ya ce a yi masa allurar maleriya, a yi masa ɗaya ko biyu, ya ji sauƙi ya kama gabansa. Abin da ya karɓa atemisinin ne shi kaɗai, babu mai kala a bayansa.

Allurar atesunet an tanade ta ne don maleriya mai tsanani, kuma a nan ta nuna bajinta. Wani babban gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2010 ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da asibiti a Ilori. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin, kashi 10.9 cikin 100 sun rasu. Cikin waɗanda aka yi wa atesunet, kashi 8.5 ne. Wannan ya sa aka sauya ƙa'ida, atesunet ya karɓi matsayin kwinin, wanda shi ma daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka aka samo shi.

Ƙa'idar allurar ita ce a yi ta farko, a maimaita bayan sa'a 12, a sake a sa'a 24. Idan mara lafiya ya fara iya haɗiya, dole ya ɗora da cikakken ACT na kwana uku. Wanda aka sallama bai sha wannan ba, aikinsa bai kammala ba.

Alamomin da ke nuna ciwo ya wuce na gida sun haɗa da jijjiga, da kasa shan mama ko ruwa, da amayar da duk abin da aka ci, da yawan barcin da ba a iya tayar da yaro daga shi, da numfashi sama-sama, da tafin hannu ya yi fari fat, da fitsari ya yi baƙi. Idan aka ga ɗaya daga ciki, a nufi asibiti nan take, ko babban asibitin Gwandu, ko na Kalgo, ko Birnin Kebbi. Jijjigar yaro mai zazzaɓi ba abin da za a zauna jira a kansa ba ne.

Ga ƙauyukan da ke nesa, akwai atesunet na matsi da ake sa wa yaro ɗan ƙasa da shekara shida ta dubura. Amfaninsa shi ne ya riƙe yaron kafin a isa asibiti. Ba ya maye gurbin tafiyar.

To, tazargade fa?

Tazargade da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan dangin wannan tsiro ne, kuma sunansa ya ƙara fitowa a 2020 lokacin annobar korona. Ganin haka wasu ke cewa tunda daga ganye aka samo maganin, me zai hana a dafa ganyen a sha a huta da kuɗin kemis?

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Dangin Artemisia ya ƙunshi tsirrai ɗaruruwa, kuma mafi yawansu ba su da atemisinin na a-zo-a-gani. Ko a cikin ainihin Artemisia annua, sinadarin ɗan kaɗan ne, da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye. Yawansa na sauyawa gwargwadon iri, da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin girbi, da yadda aka adana shi. Ga shi kuma ba ya narkewa sosai a ruwa.

Wanda ya sha jiƙon ganyen bai san nawa ya sha ba. Zai iya samun abin da zai kwantar da zazzaɓi ba tare da ya kashe cutar duka ba. Saboda haka ne a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce ba ta goyon bayan amfani da shayi ko garin ganyen wajen magance maleriya ko rigakafinta.

Wannan ba raina gargajiya ba ne. Ai daga littafin gargajiya aka kama bakin zaren. Mu ma muna da dogonyaro da maɗaci da iyayenmu suka daɗe suna dafawa saboda masassara, har garin Kalgo ma sunan bishiya yake ɗauke da shi. Darasin da ke cikin labarin Tu Youyou shi ne ganye kan zama abin dogaro ne bayan an ware abin da ke aiki a cikinsa, an auna, an gwada.

Darasin Ambursa

Ƙasar Gwandu ta taɓa ganin yadda makami mai kaifi ke dakushewa. A 1954 aka fara wani babban shirin yaƙi da maleriya a yammacin Lardin Sakkwato, a kewayen Birnin Kebbi, inda aka riƙa fesa magungunan kashe sauro a ɗakuna. Ba a yi shekara biyu ba, a 1955, masu bincike suka gano cewa sauron Ambursa ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna diyeldirin. Labarin ya zaga duniya, domin shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan turjiya a jikin babban sauron da ke yaɗa maleriya a Afirka.

Kulorokwin ma haka ya ƙare. Dattawa na tuna shi da ɗaci da ƙaiƙayi, amma yana da araha kuma yana aiki. Turjiyar cutar ta faro a Kudu Maso Gabashin Asiya a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Gabashin Afirka a 1978, kafin ta ƙaraso yammaci cikin shekarun 1980. Mace-macen yara suka ƙaru kafin a samu madadinsa.

Yanzu ana ganin sawun wannan tafiya a kan atemisinin. Wajajen 2008 aka tabbatar a Kambodiya cewa cutar ta fara jinkirin mutuwa. A 2014 aka gano sauyin halittar da ke jawo hakan. Daga 2020 zuwa yau an tabbatar da irinsa a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman don Afirka a watan Nuwamban 2022.

Har yanzu ACT na warkarwa sosai a Najeriya. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk lokacin da aka sha rabin magani, ko aka yi allura guda aka tsaya, ko aka sha jabu mai ƙarancin sinadari, raunanan ƙwayoyin cutar ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira. Sauro ya ɗebe su ya kai gidan maƙwabci.

Abin da ke hannunmu

Na farko shi ne gwaji. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Gwajin ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna babu, a nemi ainihin ciwon, domin taifot da ciwon huhu da sanƙarau duk da zafin jiki suke farawa, kuma ACT ba ya taɓa su.

Na biyu shi ne tabbatar da ingancin abin da aka saya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawancin magungunan maleriya na da wani wuri a jikin kwali da ake kankarewa a tura lambar ta saƙon waya kyauta, a samu amsa ko na gaske ne.

Na uku ya rataya ne a wuyan masu kemis, waɗanda su ne mutane ke fara zuwa wurinsu a yawancin ƙauyuka. Yanka kati a sayar da rabi saboda kuɗin mai saye bai kai ba yana kama da taimako, amma illarsa na komawa kan mara lafiyar da kuma garin baki ɗaya. Hukumomin lafiya na jiha da ƙananan hukumomi kuma nasu shi ne su tabbatar magani da kayan gwaji ba su yanke a ƙananan asibitoci ba, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, domin tsada ce ke tura talaka ga rabin kati.

Gidan sauro, da maganin damina na yara, da allurar R21 da ake yi a wata 5 da 6 da 7 da kuma wata 15, duk suna rage yawan waɗanda za su kwanta. Kowane yaro da bai kamu ba, ya rage wa maganin nauyi.

Sauran kuma yana tsakar gida. Ranar da yaro ya tashi yana wasa, a gode wa Allah, amma kada a naɗe katin. Sauƙin da ake gani aikin mai lauje ne, masu kala ba su gama ba tukuna. Sai an ɓare ƙwaya ta ƙarshe a yammacin rana ta uku sannan magani ya cika.